Tambayoyi da Amsoshi Kan Kula da Horon Ɗaliban Jinya ta Waya da Kwamfuta

Waɗannan su ne tambayoyin da suke ta maimaituwa a bakin malaman makarantun jinya, da sistocin da ke riƙe da ɗakunan majiyyata, da ɗalibai, da masu shekarar sanin makamar aiki a Jos da kewayenta. An fara da na sama-sama, aka gangara zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Wai me ake nufi da kula da horon ɗalibai ta na'ura?

Ana nufin tattara takardun da aka saba da su a fostin, wato lokacin da ake tura ɗalibi koyon aiki a asibiti, a wuri ɗaya da za a iya buɗewa a waya ko kwamfuta. Takardun nan huɗu ne: jadawalin da ke nuna wane ɗalibi zai je wane ɗaki, daga yaushe zuwa yaushe, rajistar zuwa aiki, logbuk ɗin da ɗalibi ke rubuta ayyukan da ya yi, kamar allura, ɗaura ƙarin ruwa, sa robar fitsari da wankin ciwo, sai takardar da sistar ɗaki ke cikewa a ƙarshen fostin, tana faɗin yadda ta ga aikinsa da halinsa. Idan aka haɗa su duka ƙarƙashin lambar ɗalibi, malamin da ke zaune a Vom zai ga abin da ɗalibarsa ta yi jiya a wani asibiti a cikin Jos ba tare da ya hau mota ba.

2. Ba ɗaya yake da manhajar da asibiti ke ajiye bayanan majiyyata ba?

A'a, kuma kada a cakuɗa su. Manhajar asibiti irin OpenMRS majiyyaci take bi: ciwonsa, magungunansa, gwaje-gwajensa. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita kuma Najeriya ke tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya da ita, galibi jimlar wata take karɓa, kamar yawan matan da suka zo awon ciki. Wannan da muke magana a kai ɗalibi yake bi. Inda asibiti ya yarda ɗalibai su riƙa shiga manhajarsa, a buɗe wa kowa shigarsa mai iyaka. Kada sista ta ara wa ɗalibi tata, domin duk abin da aka rubuta da sunanta ita za a tambaya.

3. Mun daɗe muna amfani da takarda, kuma ana yaye ƙwararru. Me zai sa mu canza?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin maza ko na mata saura mako biyu a rufe karɓar takardun jarrabawa ya san yadda abin yake. Logbuk tuli guda a kan teburin sista, kusa da tiren alluran yamma. Ɗalibai a tsaitsaye bakin ƙofa: "Sista, don Allah ki taimaka ki sa mana hannu." Ta buɗe shafi, ta tarar aikin wata huɗu da suka wuce ne. Ba ta tuna majiyyacin ba, balle wanda ya sa masa roba. In ta ƙi, a ce ba ta da tausayi. In ta sa, ta shaidi abin da ba ta gani ba. Haka za ka ga shafi guda da biro ɗaya, hannu ɗaya, amma kwanan wata ashirin daban-daban.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban amfanin na'ura shi ne tana nuna giɓi tun da sauran lokacin cike shi. Idan a mako na uku na fostin ɗin mako shida aka ga wata ɗaliba ba ta taɓa sa kanula ba, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, ana iya mayar da ita aikin safe, lokacin da aka fi samun wannan aikin, ko a haɗa ta da nas mai haƙurin koyarwa. A takarda sai an gama ake ganewa, wani lokacin ma sai a gaban mai jarrabawa. Cewa logbuk ɗin na'ura ba ya jiƙewa a ruwan Agusta, ba a manta shi a cikin keke, duk gaskiya ne, amma na biye ne.

Wannan amfani kuwa a kan sharaɗi biyu yake tsaye: a shigar da aiki ranar da aka yi shi, kuma wanda ya gani da idonsa ya tabbatar. In babu su, tulin teburin sista ne kawai aka kwashe aka zuba a waya. Tambaya ta 8 ta yi bayanin yadda ake tabbatarwar.

4. To, mu jefar da littafin Majalisa ke nan?

Kada ku jefar. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, kuma hedikwatarta ke Abuja, ita ke da ta cewa kan rajistar ɗalibi, da jarrabawar ƙwarewa, da tantance makarantu. Duk littafi ko takardar da ta ce a gabatar, a cike ta kamar yadda ta ce, har ranar da ta aiko da wani umarni a rubuce. Abin da ya dace shi ne a gina tsarin na'ura a kan jerin ayyukan da ke cikin manhajar karatun Majalisa, da sunayensu da tsarinsu, ta yadda duk Juma'a ɗalibi zai kwafi abin da aka riga aka tabbatar masa zuwa littafin, a sa hannu abin yana sabo. Haka kuma shirin jarrabawar aiki da hannu ta tasha-tasha, wato OSCE, zai zo da sauƙi, domin an san ayyukan da kowa bai taɓa kamawa ba.

5. Wace manhaja za mu ɗauka?

Ya danganta da inda ɗalibanku ke zuwa da kuma wanda zai riƙe tsarin. Google Forms haɗe da Google Sheets ya fi sauƙi, malami ɗaya zai haɗa shi da yamma guda. Aibinsa shi ne ba ya aikawa sai da intanet, kuma ba shi da hanyar tabbatarwa mai ƙarfi. KoboToolbox da ODK suna da manhajar Android da ke cike fom babu sabis, ta ajiye, ta aika daga baya. A KoboToolbox mai dubawa yana iya yi wa kowace shigarwa alamar an amince, ba a amince ba, ko an dakatar. Tsarinta na kyauta yana da iyaka, kuma bayanan suna zama a saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da ke wajen Najeriya sai in makaranta ta kafa tata. Moodle ya fi dacewa da darussa, gwaji da bin matakan ƙwarewa, amma yana son saba da mutumin da ya san kanta.

A ganinmu, makarantar da ke tura ɗalibai ƙauye ta fara da mai aiki babu sabis. Kada a yi gaggawar ba wani kwangilar ƙera sabuwar manhaja kafin a yi zango ɗaya da abin da ke akwai, domin sai an yi amfani da fom ake gane tambayoyin da ba su da amfani. In har za a ƙera, a rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan na makaranta ne, kuma tana iya sauke su gaba ɗaya a fayil ɗin Excel duk lokacin da ta so.

6. Me da me ya kamata ɗalibi ya cike a kowace shigarwa?

Abu bakwai sun isa: lambarsa ta makaranta, ɗakin da yake, rana da lokaci, aikin da aka yi, matakin da ya taka a aikin, sunan wanda ya tsaya a kansa, sai layi ɗaya na abin da ya koya ko ya ba shi wuya. Rana da lokaci wayar ce za ta ɗauka da kanta. Ɗaki, aiki da sunan mai shaida duk a zaɓe su daga jeri, kada a bari a rubuta da hannu. Dalili kuwa, in aka bar ɗalibai saba'in su rubuta sunan aiki ɗaya, za a samu rubutu iri goma, kwamfuta kuma ta ƙirga su a matsayin ayyuka goma.

A gwada fom ɗin da agogo. In ya ɗauki fiye da minti ɗaya, ɗalibi zai bar shi sai ya koma hostel, daga nan sai ƙarshen mako, daga nan an koma gidan jiya. Babu gurbin sunan majiyyaci ko lambar foldarsa; tambaya ta 12 ta faɗi dalili.

7. Mene ne "mataki", kuma me ya sa ba za a ƙirga yawan aikin kawai ba?

Matakan huɗu ne: ya kalla, ya taimaka, ya yi ana tsaye a kansa, ya yi shi kaɗai ana duba sakamakon. Ɗalibin da ya kalli sa robar hanci sau goma sha biyar bai kai wanda ya sa sau uku da hannunsa ba, amma in jimla kawai ake gani, na farkon ne zai fito a gaba. Saboda haka a raba ƙidayar mataki-mataki. A kuma saita tsarin yadda ɗalibi ba zai iya zaɓar mataki na huɗu ba sai mai horarwa ya buɗe masa shi a kan wannan aikin. Akwai ayyukan da bai kamata a taɓa buɗe wa ɗalibi wannan mataki ba, kamar ɗaura jini da ba da magungunan da ake kullewa a kabad. Game da yawan haihuwar da ɗalibar ungozoma za ta karɓa, da sauran adadi irin wannan, a bi abin da Majalisa ta ƙayyade.

8. Wa zai sa hannu, kuma ta yaya?

Wanda ya gani. Ba shugabar ɗaki don tana shugaba ba, ba malamin makaranta da ya zo zagaye bayan kwana uku ba. A farkon kowane fostin, shugabar ɗaki ta ba da sunayen nas-nas masu rajista da ta yarda su shaidi ɗalibai a aikin safe, na rana da na dare, a buɗe wa kowannensu shiga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sunan mutum ɗaya ko biyu kawai. Ranar da suka tafi hutu, komai ya tsaya.

Ga yadda yake tafiya a aikace. Ƙarfe biyun dare, sanyin Disamba, kanular wani dattijo ta toshe. Ɗaliba ta sa sabuwa, nas tana tsaye tana haska mata da tocila. Bayan sun wanke hannu, ɗalibar ta cike fom a teburin nas-nas, ta ce, "Ma, na shigar." In akwai sabis, nas ɗin ta buɗe tata wayar ta danna amincewa. In babu, ta yi da safe kafin ta miƙa aiki. In ba ta gamsu ba, ta mayar da shi da dalili a gajarce: "Kin taɓa bakin allurar bayan kin goge fata, a sake." Wannan layin ɗaya ya fi maki amfani ga ɗalibar, kuma a takarda ba kasafai ake samun sa ba.

A sa wa'adi na awa 48. Abin da ya wuce haka ba a tabbatar ba, ya tafi wurin malamin da ke kula da fostin ya bincika. Sa hannu da yatsa a fuskar wayar ɗalibi ba hujja ba ce mai ƙarfi, kowa na iya zana shi. Sannan babu tsarin da zai tsira idan nas ta gaji ta ba ɗalibai kalmar sirrinta ta ce su yi da kansu. Galibi ba lalaci ke kawo haka ba, nas biyu ne a kan gado talatin. Maganinsa a sa tabbatarwar ta zama danna biyu, kuma a ƙara yawan masu shaida.

9. Ɗalibai ba za su yi ƙarya a na'ura ba?

Masu yi za su gwada. Lambar QR da aka manna a bango don rajistar zuwa aiki ana ɗaukar hotonta a tura wa wanda ke kwance a ɗaki ta WhatsApp. GPS a cikin gini yana iya kaucewa da mita masu yawa, kuma akwai manhajojin da ke sa waya ta nuna wurin da ba nan take ba. Agogon waya ana iya juya shi baya, shi ya sa ake kwatanta lokacin da wayar ta ce an cike fom da lokacin da saba ta karɓa. Don rajistar zuwa aiki, abin da ya fi inganci shi ne nas ɗin da ke kan aiki ta yi wa waɗanda ke gabanta alama lokacin miƙa aiki, da kuma lokacin tashi.

Ƙaryar logbuk kuwa a siffarta ake kama ta. Ɗalibai biyar kowacce ta ce ita ta karɓi haihuwa a dare ɗaya, alhali rajistar ɗakin haihuwa ta nuna mata biyu suka haihu. Ko shigarwa talatin a cikin minti goma ranar Lahadi. Ko nas ɗaya ta tabbatar da ayyuka a ranar da rosta ta nuna tana hutu. Duk wata a ɗauki shigarwa goma ko ashirin a kwatanta da rajistar ɗaki, kuma a gaya wa ɗalibai tun ranar farko cewa ana yin haka.

10. Yaya za a yi da rashin sabis da ɗauke wuta?

A tsara komai da zaton babu su. Ɗaliban da aka tura wajen gari, irin su Gindiri da Zamko, ko ƙananan asibitocin ƙauye, su sauke fom tun suna Jos, su cike a can, su aika duk lokacin da suka samu sabis, aƙalla sau biyu a mako. Fom ɗin rubutu zalla ba ya cin data. Hoto ne ke ci, kuma ba a buƙatarsa.

Inda ake asara shi ne tsakanin cikewa da aikawa. Abin da ba a aika ba a cikin wayar kaɗai yake. In aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya wanke ta, ko ɗalibi ya goge manhajar don samun wurin ajiya, ya tafi. A koya musu duba adadin fom ɗin da ke jiran aikawa kafin su kwanta. Wata matsalar ita ce malami ya gyara fom a tsakiyar fostin, rabin aji na kan tsoho, rabi na kan sabo. A bar gyara sai tsakanin zango. A ofis kuma, kwamfuta da na'urar intanet suna son inbata ko sola, da abin kare su daga tsawa. Wanda ya san damina a Filato ya san abin da tsawa ke yi wa kayan wuta.

11. Wanda ba shi da babbar waya fa? Kuma ya dace a riƙe waya a gaban majiyyaci?

Kada makin ɗalibi ya rataya a kan abin da iyayensa suka iya saya. A ajiye waya ko tablet ɗaya ta makaranta a hannun shugabar ɗaki ko shugaban rukuni, kowa ya shiga da lambarsa ya fita. A kuma tanadi 'yar takarda mai gurabe bakwai ɗin nan, a cike, a shigar a cikin kwana biyu.

Waya ba ta zuwa bakin gado. Tana ɗaukar ƙwayoyin cuta kamar kowane abin da hannu ke yawan taɓawa, kuma majiyyaci da 'yan jinyarsa in suka ga ɗaliba tana latsa waya ba za su ce karatu take ba. A cire safar hannu, a wanke hannu, a koma tebur, sannan a cike.

12. Me doka ta ce game da sirrin majiyyaci?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan duka ita ce kada bayanin majiyyaci ya shiga logbuk tun farko: ba suna, ba lambar folda, ba lambar waya, ba hoton fuska, ciwo ko takardar gwaji. "Namiji, babba, ɗakin tiyata" ya wadatar.

A kula da gurbin nan na layi ɗaya, nan ne sirri ke zurarewa. Jos gari ne da aka san juna. In ɗalibi ya rubuta unguwa, da sana'a, da irin ciwon, wanda ya fito daga Gangare ko Unguwar Rogo zai iya gane ko wane ne ba tare da an faɗi suna ba. Abin ya fi tsanani a fostin ɗin taɓin hankali, da sashen masu cutar ƙanjamau, da na mata masu yoyon fitsari. Zauren WhatsApp na aji kuma na sanarwa ne kawai. Su ma ɗaliban suna da haƙƙi: makinsu da abin da sista ta rubuta a kansu ba na idon 'yan ajinsu ba ne, don haka kada a raba mahaɗar babban shafin ga kowa.

13. Ta yaya tsarin ke taimakawa wajen raba fostin?

Ta hanyar fara lissafi daga abin da ɗaki zai iya ɗauka. A ce aji na da ɗalibi 72, za a raba su ɗaki 6, kowane ɗaki 12. In kowa na aiki kwana 5 a mako, an zo aiki sau 60 ke nan, a raba a kan aiki 21 na safe, rana da dare na mako guda, wato kusan mutum 3 a lokaci guda. Wannan daidai ne. To amma manyan asibitocin Jos, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da na koyarwa na Jami'ar Bingham a Jankwano, wuraren koyo ne ga ɗalibai iri-iri. In wata makaranta ta aiko da nata 12 ɗakin nan, ga masu sanin makamar aiki, sai a wayi gari mutum bakwai sun kewaye gado ɗaya. Saboda haka jadawalin ya fi amfani in yana hannun sashen horarwa na asibiti, kowace makaranta ta ga gurbin da ya rage kafin ta aiko.

A saka ranakun da aka san za su taɓa aiki: Sallah, Kirsimeti, makon jarrabawa. A bar makon cike giɓi a ƙarshen zango saboda abin da ba a tsara ba, kamar yajin aiki ko dokar hana fita. Rashin zuwa kuma a raba shi gida uku: da izini, rashin lafiya, babu dalili, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

14. Masu shekarar sanin makamar aiki, tsarinsu ɗaya da na ɗalibai?

Kusa, amma da bambanci. Waɗannan sun gama digirin jinya na shekara 5, suna yin shekara 1 a asibiti kafin bautar ƙasa, kuma asibitin ne ke riƙe da su, ba makaranta ba. Ba a buƙatar su rubuta kowace allura. Abin da ake bi shi ne ranar shiga da fita kowane sashe, hutun da aka ɗauka, manyan ayyukan da ake so su ƙware a kai, da rahoton shugaban sashe. Inda suka fi shan wahala shi ne ƙarshen shekara, lokacin da mutum zai bi sassa ɗaya bayan ɗaya yana neman sa hannu, ya tarar an yi wa wata sista canjin wurin aiki, wata ta yi ritaya, takardar kammalawa ta makale, tafiya bautar ƙasa ta ja baya. A saita tsarin yadda ba za a buɗe sabon sashe ba sai an rufe na baya da rahotonsa a cikin mako guda.

15. Allura ta soki ɗalibi, ko ya yi kuskuren magani. A logbuk zai rubuta?

Ba fom ne farko ba. In allura ce, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse, ya gaya wa nas ɗin da ke kan aiki nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana son fara shi cikin 'yan awoyi, kada ya wuce awa 72, kuma ana shan sa kwana 28. In kuskuren magani ne, majiyyaci ake fara dubawa, a kira likita. Bayan haka ne ake cike rahoto, a fom na daban wanda mutum biyu ko uku kawai ke gani, kuma ba ya taɓa maki. In ɗalibai suka fahimci rahoto na rage maki, za su ɓoye, ɓoyewar kuwa ta fi kuskuren haɗari. Tun kafin fostin na farko, a rubuta a tsarin ko kowa ya yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: ta farko, bayan wata 1, sai a wata na 6.

16. Waɗanne rahotanni ne malami zai riƙa dubawa?

Uku sun isa, duk Litinin da safe, minti ashirin. Ɗaliban da ba su shigar da komai ba cikin kwana bakwai. Ayyukan da suka wuce awa 48 ba a tabbatar ba, a jere bisa ɗaki. Sai jadawalin ɗalibai da ayyuka, inda gurbin da babu komai ke fitowa da ja. In ja ya bi layin mutum ɗaya, a kira shi a ji, wataƙila tsoro ne, ko rashin kuɗin mota, ko rashin lafiya. In ya bi aiki ɗaya a duk ajin, matsalar ta jadawali ce, sai a koma tambaya ta 13, ko a shirya musu zama a ɗakin gwaji da mutum-mutumi.

17. Me ya sa alƙalumanmu ke rikicewa in mun sauke su a Excel?

Dalilai uku ne suka fi yawa. Excel na cinye sifirin farko, sai 080 na farkon lambar waya ta koma 80, haka ma lambar ɗalibi. A mayar da layin na rubutu kafin a zuba. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, mu kuma 3 ga Afrilu muke nufi. A yi amfani da shekara, wata, rana. Na uku, haɗa bayanai da suna. A aji ɗaya ana samun masu suna iri ɗaya, wata kuma ta yi aure ta canza suna a tsakiyar karatu. Lamba ake bi, ba suna ba.

18. Wa ke riƙe da makullin, kuma ina ake ajiye kwafi?

A buɗe asusun da imel ɗin makaranta ko na sashe, ba na wani malami ba, kuma mutum biyu su san hanyar shiga. An sha ganin tsari mai kyau ya mutu saboda wanda ya haɗa shi ya samu aiki a waje ya tafi da kalmar sirri. Duk Juma'a a sauke kwafi. A riƙe uku: na saba, na kwamfutar ofis, da na filas ko faifan ajiya na hard disk da ke kulle a wani ginin. Sau ɗaya a zango a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa. Ranar da nas ta bar ɗaki ko ɗalibi ya kammala, a rufe shigarsa, amma a bar tarihinsa, domin bayan shekaru ana iya neman shaidar awoyin da ya yi a kowane sashe, musamman in zai yi rajista a wata ƙasa.

19. Ta ina za mu fara?

Da ɗaki ɗaya da rukuni ɗaya, na mako huɗu zuwa shida, takarda na tafiya gefe. A zaɓi ɗakin da shugabarsa ke so, kuma a zauna da ita kafin a rubuta fom, domin ita ta san lokacin da nas-nas ɗinta ke samun minti biyu na numfashi. A fara da ayyuka 15 zuwa 20, ba duk jerin ba. A koya wa nas-nas a ɗakinsu, lokacin miƙa aiki, sau uku don a samu na safe, na rana da na dare. In aka kira taro a zaure, masu aikin dare ba za su zo ba. A yi maganar kuɗin data a fili tun farko, kada a bar wa nas ta saya daga albashinta.

A ƙarshen gwajin a duba abu biyu: cikin kowace shigarwa goma, nawa aka yi a ranar aikin, kuma nawa aka tabbatar cikin awa 48. In ba su kai bakwai ba, kada a ƙara ɗaki. A koma a tambayi nas-nas da ɗalibai inda abin ke tsayawa, a rage gurabe, a ƙara masu shaida, a sake mako huɗu a ɗakin nan.